An bar jaki ana dukan taiki: me ya hana ɗaliban Amurka zuwa kallon wasannin jami'o'insu?

A watan Satumbar 2014 aka kafa wata talla a wani kanti cikin Jami'ar Mishigan da ke garin Ann Arbor: ka sayi lemon Coca-Cola guda biyu, a ba ka tikiti biyu kyauta na wasan ƙwallon da za a buga da Jami'ar Minnesota. Kowane tikiti dala 75 ne kuɗinsa. Hukumar wasannin jami'ar ta yi maza ta janye tallar, ta ce kuskure aka yi, amma kafin nan hoton ya zaga ko'ina. Abin ya yi wa tsofaffin ɗaliban makarantar ciwo sosai, domin filin Mishigan shi ne mafi girma a Amurka, yana ɗaukar mutum 107,601 a yau, kuma a lokacin an doshi shekara 40 ba a taɓa sanar da 'yan kallo ƙasa da 100,000 a cikinsa ba. Kujerar da iyaye ke barin gadonta ga 'ya'ya ta zama gyara a kan lemon kwalba.

Ƙwallon da ake magana a kai ba tamaula irin tamu ba ce. Ita ce mai siffar ƙwai, wadda ake runguma a ruga da ita, 'yan wasa sanye da hular kwano suna karo kamar raguna. A Amurka jami'a ce gidan wannan wasa tun kafin a san da ƙungiyoyin ƙwararru, kuma a jihohi irin su Alabama da Nebraska, inda babu ƙungiyar ƙwararru ko ɗaya a babbar gasar ƙasar, ƙungiyar jami'a ita ce ta kowa da kowa. Ranar Asabar ɗin kaka gari kan tashi tun da sassafe. Motoci su cika harabar filin, a buɗe bayansu, a kafa rumfuna, a hura gawayi ana gashin nama. Tsoho mai shekara 70 zai zo da jikansa, duk sanye da launin makarantar, ya nuna masa ɗakin kwanan da ya zauna yana saurayi. 'Yan badujalar makaranta su ratsa taron da ganguna da kakaki. A can ciki kuma akwai ɓangare guda da aka ware wa ɗalibai, su ne masu ihu, su ne masu rera taken makaranta, su ne ke hana baƙi jin maganar junansu a tsakiyar fili. Wannan ɓangaren ne aka fara ganin yana ramewa.

Alƙaluman hukumar NCAA, wadda ke kula da wasannin jami'o'i, sun nuna cewa a 2008 matsakaicin 'yan kallo a wasannin babban rukuni, wato matakin ƙoli na ƙwallon jami'o'i, ya kai 46,971 a kowane wasa. Daga nan aka kama gangara. A 2019 ya dawo 41,477, a 2021 kuma 39,848, adadin da rabon da a ga ƙasa da shi tun 1981. An ɗan farfaɗo a 2022 zuwa 41,840, bayan mutane sun gaji da zaman gida na lokacin annobar korona, amma hakan bai cike gurbin da aka rasa ba. Game da ɗalibai su kaɗai, jaridar Wall Street Journal ta tattara bayanan ƙofar shiga na jami'o'in gwamnati kusan 50 a 2014, ta gano zuwansu ya ragu da kashi 7.1 cikin ɗari daga 2009.

Su kansu waɗannan alƙaluman akwai kwaskwarima a jikinsu. Yawancin jami'o'i tikitin da aka raba suke ƙirgawa, har da wanda aka bayar kyauta da wanda mai shi ya bari a aljihu ya kwanta barci. A 2018 jaridar nan dai ta nemi adadin tikitin da na'ura ta tantance a ƙofa, sai ga shi mutanen da suka shiga da ƙafarsu kusan kashi 71 ne cikin ɗari na abin da ake sanarwa. Wato idan aka ce mutum 40,000 sun halarta, to wajen 11,600 daga ciki a takarda kawai suke.

Da hankalin shugabanni ya tashi, ɗalibai aka fara nuna wa yatsa. Yaran yanzu, in ji su, waya ta cinye su, ba su da kishin makaranta, ba sa iya zama wuri ɗaya na awa uku. Wanda ya fi kowa faɗin haka a bainar jama'a shi ne Nick Saban, kociyan da ya ci wa Jami'ar Alabama kofin ƙasa sau 6. A 2013 ya yi ƙorafin cewa ɗalibai na ficewa tun wasa bai ƙare ba, har aka dakatar da kujerun da ake keɓe wa wasu ƙungiyoyin ɗalibai na ɗan lokaci. A 2018 ya sake yin faɗa bayan wasansu da Jami'ar Louisiana. A 2019 makarantar ta fito da manhajar waya mai bin sawun ɗalibi a cikin fili: maki 100 idan ya zo, ƙarin 250 idan ya tsaya har zangon ƙarshe, mai maki da yawa shi ke kan gaba wajen samun tikitin manyan wasannin ƙarshen kaka.

Ina jin zafin da kociya ke ji idan yaransa sun zubar da gumi suka ɗaga kai suka ga benci fayau. Amma a duba wasan nan na 2018 da kyau. An fara shi da ƙarfe 11 na safe, cikin zafin watan Satumba na kudancin Amurka, ɗalibai a kan benci suna shan rana. An tashi 56 da 14, kuma tun kafin hutun rabin lokaci kowa ya san inda aka dosa. Irin wannan wasa ma sayensa ake yi: babbar jami'a ta biya ƙarama dala miliyan 1 ko fiye don ta zo gidanta a lallasa ta. Ka ce wa yaro ɗan shekara 19 ya tsaya a rana har ƙarfe biyu da rabi yana kallon abin da aka riga aka gama, in ya tafi kuma ka kira shi marar kishi, an bar jaki ana dukan taiki.

Jakin kuwa talabijin ne, kuma abin mamaki shi ne magabatan NCAA sun hango haka tun farko. A farkon shekarun 1950 suka taƙaita yawan wasannin da za a nuna a talabijin, domin tsoron kada mutane su daina zuwa fili. Wannan ƙa'ida ta yi aiki fiye da shekara 30, har Jami'ar Oklahoma da ta Jojiya suka kai ƙara, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a 1984 cewa tsarin ya saɓa wa dokar hana babakere a kasuwa. Daga ranar kowane rukunin jami'o'i, wato gungun makarantun da ke gasa a tsakaninsu, ya sami 'yancin sayar da wasanninsa ga wanda ya fi tayawa. Kuɗin da suka biyo baya sun wuce tunanin kowa. A 2022 rukunin Big Ten ya ƙulla yarjejeniyar kusan dala biliyan 7 na shekara 7 da tashoshin Fox da CBS da NBC. Rukunin SEC na kudu maso gabashin ƙasar kuma ya sayar wa tashar ESPN manyan wasanninsa a kan kusan dala biliyan 3 na shekara 10.

Wanda ya zuba irin wannan kuɗi shi ke da ta cewa, kuma abu na farko da ya karɓe shi ne agogo. A da kowa ya san wasa da rana tsaka ake yi ranar Asabar. Yanzu tashar talabijin ce ke zaɓar lokaci, kuma sau da yawa sai saura kwana 12, wani lokacin kwana 6, kafin a sanar. Ɗauki tsohon ɗalibi da ke zaune a birni mai nisan awa huɗu a mota, yana da mata da yara ƙanana. Bai san ko da tsakar rana za a buga ba ko da ƙarfe 8 na dare. In da dare ne, sai ya kama ɗaki a otal, ga shi otal-otal ɗin garuruwan jami'a kan ninka kuɗi a irin wannan ƙarshen mako, da yawa ma sai sun tilasta maka kwana biyu. Ga kuɗin ajiye mota, ga abinci mai tsada a cikin fili. In ya shiga ya zauna, wasan da minti 60 ne a agogo zai ci fiye da awa uku, domin ana tsayar da shi a kai a kai a saka talla. Mutum 80,000 na zaune, 'yan wasa na tsaye riƙe da ƙugu, wani jami'i na gefen fili yana jiran tashar ta ba shi alama kafin alƙalin wasa ya busa. Na gida kuwa yana kan kujerarsa mai laushi, yana ganin maimaici daga kusurwa biyar, in wannan wasan ya yi sanyi ya juya zuwa wani. Wanda ya ga yadda gidajen kallon ƙwallon Turai suka janye matasa daga filayen wasa a garuruwanmu zai gane wannan ba tare da dogon bayani ba. Bambancin shi ne a Amurka masu filin da kansu ne suka sayar wa gidan kallon wasan nasu.

Ga tsofaffin ɗalibai akwai wani nauyin daban. A manyan makarantu kuɗin tikitin kaka ba ya isa ya ba ka kujera mai kyau. Sai ka fara ba da gudummawa ga asusun wasanni, ɗaruruwa ko dubban daloli a kan kowace kujera kowace shekara, sannan ka sami izinin saye. Shekara da shekaru gwamnati na rage wa masu wannan gudummawa haraji a kan kashi 80 cikin ɗari na abin da suka bayar. Dokar haraji ta 2017 ta soke wannan rangwame. Matashin da ya gama karatu da bashin makaranta a wuyansa, a ƙasar da jimillar wannan bashi ta haura dala tiriliyan 1.7, ba ya cikin masu iya wannan ciniki. Yakan sayi tikitin wasa ɗaya mai zafi a intanet, ya bar sauran.

Sai kuma abin da na fi ganin ɓarnarsa ta yi zurfi, wato wargaza tsofaffin hamayya. Abin da ke kai mutum fili ba ƙwarewar 'yan wasa kaɗai ba ce. Akwai son ka doke makarantar da maƙwabcinka ko surukinka ya yi, ka samu abin tsokanarsa har shekara ta zagayo. Neman kuɗin talabijin ya sa jami'o'i suna ƙaura daga rukuni zuwa rukuni ba tare da duba taswira ba. Jami'ar Teksas da Texas A&M, waɗanda suka fara karawa tun 1894, sun daina haɗuwa bayan 2011, sai a 2024 suka dawo. Oklahoma da Oklahoma State sun yi bankwana da karawarsu ta shekara-shekara a 2023. Rukunin Pac-12 na gaɓar yamma, mai tarihin fiye da shekara 100, ya watse, inda USC da UCLA na birnin Los Anjeles da Oregon da Washington suka koma Big Ten a 2024, Stanford da Berkeley na Kalifoniya kuma suka shiga rukunin da sunansa ma na gaɓar Tekun Atlantika ne. Ɗalibi a Los Anjeles yau ana gayyatarsa ya zo ya yi ihu a kan makarantar da ke nisan kilomita 3,000 ko fiye, wadda bai san kowa a cikinta ba. 'Yan wasan ma ba sa daɗewa. Tun da aka sauƙaƙa musu sauya makaranta, aka kuma ba su damar samun kuɗi da sunansu daga 2021, tauraron bana na iya zama ɗan wasan abokan hamayya baɗi. Haƙƙinsu ne, kuma an daɗe ana cin guminsu kyauta, amma ɗalibin da ke kan benci ya rasa wannan jin na cewa wancan mai lamba 7 ɗan ajinmu ne tun shekarar farko.

Wasu makarantun kuma filin nasu ma ba ya cikin makaranta. UCLA na buga wasanninta a filin Rose Bowl da ke Pasadena, wajen kilomita 40 daga harabarta, a birnin da cunkoson motocinsa ya yi suna a duniya. A wasan farko na 2022 mutum 27,143 aka sanar a filin da ke iya ɗaukar kusan 90,000, har ana lulluɓe wasu ɓangarori da tamfol don kada kyamara ta nuna. Jami'ar Miami ma, tun da aka rushe tsohon filin Orange Bowl a 2008, sai an kwashi ɗalibanta a bas zuwa filin ƙwararru mai nisan kilomita 30 da wani abu.

Inda lamarin ya fi ban tausayi shi ne ƙananan jami'o'in babban rukuni, irin na yankin Ohayo da Mishigan da ke rukunin MAC. Su ba wanda zai nuna wasansu ranar Asabar, don haka suka yarda su riƙa bugawa daren Talata da Laraba a watan Nuwamba domin ESPN ta samu abin cike gurbi. Sanyi na ratsa ƙashi, gobe akwai aji da ƙarfe 8, jarrabawa ta ƙarato, ɗalibai da yawa kuma suna wurin aiki, tunda kusan kashi 40 cikin ɗari na masu karatun cikakken lokaci a Amurka suna haɗawa da neman kuɗi. Kyamara in ta juya sai ka ga 'yan badujala sun kusa fin 'yan kallo yawa. Jami'ar Akron ta kashe dala miliyan 61.6 ta gina fili mai kujera 30,000 da aka buɗe a 2009, bayan 'yan shekaru ta koma cikin na ƙarshe a ƙasar wajen yawan 'yan kallo. A lokacin akwai doka cewa sai makaranta ta nuna matsakaicin 15,000 aƙalla sau ɗaya cikin shekara biyu kafin ta ci gaba da zama a babban rukuni, kuma dokar ta yarda a ƙirga tikitin da aka biya ko ba a zo ba. Sai wasu makarantu suka riƙa sayen tikitin kansu, ko su sa kamfanonin da suke hulɗa da su su saya. A 2023 NCAA ta soke dokar gaba ɗaya.

Kuma waɗannan ɗalibai da ake cewa ba sa goyon baya su ne ke ɗauke da kayan. Jami'o'i ƙalilan ne wasanninsu ke ciyar da kansu. Sauran suna cike giɓi da kuɗin dole da ake ɗora wa kowane ɗalibi a cikin kuɗin makaranta, ko yana son ƙwallo ko ba ya so. Wani bincike da jaridar Chronicle of Higher Education ta yi tare da Huffington Post a 2015 ya gano jami'o'in gwamnati sun zuba dala biliyan 10.3 daga irin wannan kuɗi da sauran tallafi cikin shekara 5. A Jami'ar James Madison ta jihar Bajiniya abin ya haura dala 2,000 a shekara kan kowane ɗalibi. Da yawansu da bashi suke biya. A ganina wanda aka cire wa wannan daga aljihu ba tare da an tambaye shi ba ya riga ya sauke nauyinsa. Mai nauyi a wuya shi ne wanda ya karɓa ya kuma sa wasan a daren Talata.

Hujjar cewa matasan yanzu ba sa son taro tana rushewa da zarar an dubi wuraren da ake yi da su. A Texas A&M dubun-dubatar ɗalibai kan tsaya da ƙafarsu daga farkon wasa har ƙarshe, al'adar da ta samo asali tun 1922, kuma a daren jajiberi da ƙarfe 12 sukan taru a fili su gwada ihun gobe. A Jami'ar Duke ɗalibai kan kafa tantuna su kwana a waje makonni cikin hunturu don samun shiga wasan ƙwallon kwando da Jami'ar North Carolina, domin a zauren nan mai ɗaukar mutum 9,314 kujerun bakin fili nasu ne, ba na masu kuɗi ba. Ranar 30 ga Agustan 2023 Jami'ar Nebraska ta ba da hutun aji, ta kai wasan ƙwallon raga na mata cikin filin ƙwallon maza, mutum 92,003 suka cika shi. Bayan wata ɗaya da rabi mutum 55,646 suka je kallon tauraruwa Caitlin Clark da sauran 'yan ƙwallon kwandon mata na Iowa a fili buɗaɗɗe. Duk waɗannan yaran suna da waya a hannu.

Mishigan kanta darasinta a fili yake. A 2013 shugaban wasanninta, Dave Brandon, ya ɗaga tikitin kaka na ɗalibi daga dala 195 zuwa 295, ya kuma soke tsarin da ke ba abokai damar zama tare a kujerun da suka saba, wai don a tilasta musu zuwa da wuri. Cikin shekara biyu masu sayen tikiti a cikin ɗalibai suka faɗo daga wajen 21,000 zuwa ƙasa da 13,000. Ƙungiyar ma ba ta taɓuka abin kirki a lokacin, ga kuma fushin da ya biyo bayan barin wani ɗan wasa a fili bayan ya bugu a ka. Ɗalibai suka yi zanga-zanga, Brandon ya ajiye aiki a ƙarshen Oktoban 2014, aka mayar da tikitin dala 175, ɗaliban suka dawo.

Abin da ya kamata ya hana shugabannin jami'o'in barci shi ne cewa mai gudummawar gobe yana kan bencin ɗalibai a yau. Tsohon da ke biyan dubban daloli don kujera yana biya ne saboda wata Asabar da ya yi yana ɗan shekara 20, ya yi ihu har muryarsa ta dishe. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya yi shekara huɗu a makaranta bai saba da hanyar fili ba, ba zai tuƙo mota awa huɗu yana da shekara 50 ya zo ba. Su ma tashoshin talabijin ɗin suna buƙatar yaran nan, domin ihunsu da fentin fuskarsu ne ke bambanta wasan jami'a da na ƙwararru, shi ne kayan da ake sayarwa.

Duk da haka mafi yawan gyaran da ake yi bai taɓa agogo ko jadawali ba. An ƙarfafa intanet a filaye, an ƙara manyan alluna da fitilu masu wasa, rukunin SEC ya ɗage haramcin sayar da giya ga kowa a 2019, a 2023 kuma aka gyara dokar tsayar da agogo don rage 'yan mintoci, ba tare da an taɓa lokacin talla ba. Sauran kuma sun zaɓi rage kujerun. Stanford ta rushe filinta mai ɗaukar wajen 85,000 ta gina mai 50,000 a 2006. Jami'ar Northwestern ta rushe nata mai 47,000, ta ware kusan dala miliyan 850 don gina sabo mai kujera 35,000, da ɗakunan alfarma masu yawa ga waɗanda za su iya biya.